Darasi: Shin Rage Boltej na Fitilun Shago Yana Rage Kuɗin Wuta?

 Yau za mu ɗan bar cikin waya mu shiga shago, amma ku ajiye cajar wayarku kusa, domin rubutun da ke jikinta zai warware mana rabin tambayar da muke son amsawa.

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki a Najeriya ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. A watan Mayu aka sauko da shi zuwa naira 206.80, a Yuli kuma ya koma naira 209.50. Duk mai kanti, ko kemis, ko shagon waya, ko shagon atamfa da ke kan wannan layin ya ji a jikinsa. Da yawa daga cikinku ku ne ke tsaron shagon baba ko na yaya, ku ake aika sayen yunit, kuma ku ake tambaya idan an ga tallar wata na'ura a Facebook ko TikTok da aka ce tana rage shan wuta.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan dabarun ita ce rage boltej na layin fitilu. Dabara ce ta gaske, injiniyoyi sun daɗe da saninta, amma tana aiki ne a kan wasu fitilu kawai, kuma a wani yanayi kawai. Wanda bai san wannan ba zai iya zuba kuɗi masu yawa a na'urar da ba za ta rage masa ko yunit ɗaya ba. Bari mu bi abin daki-daki.

Kalmomi huɗu da za mu yi ta amfani da su

Ka ɗauki wayar lantarki kamar bututun ruwa.

Boltej shi ne matsin da ke tura ruwan. Ana auna shi da bolt, alamarsa V. Ma'aunin da aka tsara wa gidaje da shaguna a Najeriya shi ne bolt 230.

Karen shi ne yawan ruwan da ke gudu a cikin bututun. Ana auna shi da amfiya, alamarsa A.

Wat shi ne saurin shan wuta, alamarsa W. A saukake, idan ka ninka bolt da amfiya za ka samu wat.

Yunit shi ne jimillar abin da aka sha, kamar ruwan da ya taru a duro. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya, abin da ake rubutawa kWh a jikin mita. Fitila mai wat 100 idan ta yi awa 10 a kunne ta sha yunit ɗaya.

Ka riƙe wannan da kyau: kamfanin wuta yunit yake sayar maka. Duk na'urar da ba ta rage wat ko awannin da abu yake a kunne ba, to ba ta rage maka kuɗi ba, komai kyan tallarta.

Yadda na'urar rage boltej take aiki

Na'urar wani nau'in taransifoma ce da ake ɗaurawa bayan mita, a gefen akwatin da ke raba wuta, ta yadda duk wutar da za ta tafi fitilu sai ta bi ta cikinta. Wuta ta shigo a bolt 240, ta fita a 220 ko ƙasa da haka. Kusan aikin sitabilaiza take yi, sai dai ita manufarta saukar da wutar. Masu inganci daga cikinsu sukan bar fitilu su tashi da cikakken ƙarfi na 'yan mintoci har su yi zafi, sannan su sauke boltej ɗin a hankali, saboda wasu fitilun ba sa kamawa idan wuta ta yi rauni.

Tushen dabarar yana cikin dokar da masanin nan ɗan Jamus Georg Ohm ya wallafa a 1827. A cikin waya mai turjiya tsayayya, idan matsi ya ragu, karen ma yana raguwa. Tunda wat ya fito ne daga ninka su biyun, ragin sai ya zama biyu a haɗe. Rage boltej da kashi 10 cikin 100 yana nufin 0.9 sau 0.9, wato 0.81, ragin kashi 19 cikin 100 ke nan. Wannan lissafin ne masu talla suke nunawa, kuma daidai ne a kan takarda. Matsalar ita ce fitilun zamani ba waya ce mai turjiya kawai ba.

Yana da kyau mu san inda wannan kasuwa ta fi ƙarfi. A Birtaniya, a da ma'aunin wutar gida bolt 240 ne, yawancin ƙasashen Turai kuma 220. A 1995 aka daidaita su a kan 230, amma Birtaniya ba ta sake taransifomominta ba, faɗaɗa iyakar da doka ta yarda da ita aka yi, daga kusan bolt 216 zuwa 253. Don haka har yanzu wutar da ke fitowa a soket a can takan kai 240 ko ma ta ɗan haura, alhali kayan da ake sayarwa an ƙera su ne don 230. Akwai rarar matsi da za a iya yankewa ba tare da komai ya lalace ba. Manyan kantuna masu ɗaruruwan dogayen fitilu irin na da sun ga amfanin hakan. Ka lura da sharuɗɗan nan biyu: wuta mai rara, da fitilu irin na da.

Fitila ta farko: ƙwai mai zare

Wannan shi ne tsohon ƙwan nan mai jan haske da zafi, mai wat 60 ko 100, da ɗan uwansa halojin da ake sa wa a gilashin nuna kaya. A cikinsa akwai siririn zaren ƙarfen tongistin da wuta ke ƙonawa har ya yi haske. Yawancin wutar da yake sha zafi take zama, kaɗan ce ke zama haske.

Idan ka rage masa boltej da kashi 10, shan wutarsa zai ragu da kusan kashi 15, bai kai 19 ba saboda turjiyar zaren tana sauka idan ya ɗan huce. Rayuwarsa kuma za ta ninku har kusan sau huɗu. To ina matsalar? Haskensa zai faɗi da kusan kashi 30, ya kuma ƙara yin ja. Ka rage kashi 15 na kuɗi, ka rasa kashi 30 na haske. Wannan ciniki ne na faɗuwa. Ƙwai mai wat 60 yana ba da haske kusan lumen 800 ko ƙasa kaɗan, kuma ƙwan LED mai wat 9 yana ba da irin wannan hasken. Canza ƙwan kawai yana rage kashi 85. Shi ya sa Tarayyar Turai ta fara janye irin waɗannan ƙwayayen daga kasuwa tun watan Satumban 2009.

Fitila ta biyu: dogon tub mai cok

Wannan shi ne dogon farin ƙwan nan na filorasan mai tsawon ƙafa huɗu, wanda ke ƙiftawa sau biyu ko uku kafin ya kama. A cikin gidansa akwai cok, wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi da aka naɗe da wayar tagulla, da kuma sitata, ɗan ƙaramin gwangwanin da ake murzawa a gefe. An rubuta wat 36 a jikin tub ɗin, amma cok ɗin ma yana shan nasa, kusan wat 8 zuwa 10 da ke tafiya a zafi. Jimilla kusan wat 45.

A nan ne na'urar rage boltej take da hujja. Idan matsi ya sauka, karen ɗin da ke bi ta cok yana raguwa, cok ɗin ya rage zafi, tub ɗin ma ya rage sha. Haske yana raguwa, amma ba da muni irin na ƙwai mai zare ba, kuma idan dama shagon yana da rarar haske ba lalle mai saye ya lura ba. Haka abin yake ga manyan fitilun nan na rumbun kaya da na harabar gidan mai masu amfani da cok. Sai dai akwai iyaka: idan aka sauke da yawa, tub ɗin zai riƙa ƙiftawa, ya ƙi kamawa, bakinsa ya yi baƙi, ya mutu da wuri, musamman da sanyin safiya lokacin hunturu.

Akwai kuma tub mai cok na lantarki, mara nauyi, mara sitata, wanda ke kamawa nan take. Masu inganci daga cikinsu suna daidaita wa kansu wuta, don haka sun fi kusa da rukuni na uku.

Fitila ta uku: LED

Yanzu ɗauko cajarka ka karanta ƙananan rubutun da ke jikinta. Za ka ga an rubuta 100-240V. Ma'anarsa caja ɗaya za ta yi aiki a Amurka inda wutar gida bolt 120 ce, ta yi aiki a Kano inda take 230, kuma a duk wuraren biyu wayarka za ta samu wuta iri ɗaya, ta cika a lokaci ɗaya. A cikin cajar akwai da'irar lantarki da ke lura da abin da ake buƙata. Idan boltej ya sauka, sai ta ƙara jan karen don ta cike giɓin.

Fitilar LED mai kyau irin wannan da'irar take ɗauke da ita, ana kiranta direba. Shi ya sa za ka ga an rubuta wani abu kamar 85-265V ko 100-240V a kwalinta. A ce tub ɗin LED ne mai wat 18. A bolt 230 zai ja kusan amfiya 0.08. Ka sauke wutar zuwa bolt 200, zai ja kusan amfiya 0.09. Ninka su ka gani, har yanzu wat 18 ne. Mita ba za ta ga wani canji ba. Abin da ka ƙara kawai shi ne ɗan abin da ita kanta na'urar rage boltej take sha, domin babu taransifomar da ba ta ɓatar da wani abu a zafi.

Akwai wani rukuni na LED mai araha sosai wanda ba shi da cikakken direba. Irin wannan yana dushewa idan wuta ta yi rauni, kuma lalle yana rage sha a lokacin. Amma gwargwadon ragin sha, gwargwadon ragin haske. Idan ƙarancin haske kake so, sayen ƙwai mai ƙaramin wat ya fi sauƙi da araha.

Farin LED ɗin da muke amfani da shi ya samu ne bayan ƙirƙiro shuɗin LED mai ƙarfi a farkon shekarun 1990, aikin da ya sa aka ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. Tun da farashinsa ya sauko, hujjar sayen na'urar rage boltej don fitilu kawai ta yi rauni ko a Birtaniya.

Mu yi lissafi da shago ɗaya

Buɗe kalkuletar wayarka. A ce ƙaramin kantin kayan masarufi ne mai dogon tub 20 masu cok, ana kunna su awa 12 a rana, kwana 30 a wata, kuma yunit yana kan naira 210 don lissafi ya yi sauƙi.

Yadda yake yanzu: 20 sau wat 45 ya ba da wat 900. Sau awa 12 sau kwana 30, a raba da 1,000, ya ba da yunit 324 a wata. Kuɗinsa naira 68,040.

Hanya ta ɗaya, a ɗaura na'urar rage boltej. Mu yi mata adalci mu ce ta rage kashi 15 cikin 100. Yunit 48.6 ke nan, kusan naira 10,200 a wata. Shagon ya ɗan rage haske, tsofaffin cok da sitata suna nan suna jiran gyara.

Hanya ta biyu, a cire tub ɗin a sa na LED masu wat 18, a kuma cire cok ɗin daga layi. 20 sau 18 ya ba da wat 360, wato yunit 129.6 a wata, naira 27,216. An rage naira 40,824, kashi 60 cikin 100, ninki huɗu na abin da hanya ta ɗaya ta kawo.

Don ka san wata nawa kuɗinka za su dawo, raba abin da ka kashe da abin da kake ragewa a wata. Misali, idan kowane tub da kuɗin aikinsa ya tsaya maka naira 5,000, jimilla naira 100,000, a cikin wata biyu da rabi ka fanshe. Ka sa farashin kasuwarku da farashin yunit na rukuninku, hanyar lissafin ba ta canzawa.

Abin lura shi ne hanyoyin biyu ba sa haɗuwa. Wanda ya fara sayen na'urar, daga baya ya koma LED, na'urar ta zama ƙarfe a bango.

Ribar ta fi fitowa ga mai janareta ko sola. Idan fitilun za su yi awa 6 a kan batir da dare, wat 900 na buƙatar yunit 5.4, wat 360 kuma yunit 2.16. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da yunit 2.4 a rubuce, kuma idan irin na ruwa ne ana son a tsaya a kusan rabi don ya daɗe. Bambancin yunit 3.24 ya kusa batir uku ke nan da ba sai ka saya ba.

Matsalar wutarmu daban ce

Ka tuna sharaɗin farko, wuta mai rara. A unguwanni da kasuwanni da yawa a nan, kukan da ake yi shi ne wuta ba ta da ƙarfi. Taransifoma ɗaya ta ɗauki gidajen da suka fi ƙarfinta, wayoyi sun yi siriri, layi ya yi tsawo, da magariba kowa ya kunna kayansa sai ka ga fanka tana juyawa da ƙyar. Dalilin da ya sa kusan kowane firiji yake da sitabilaiza a gefensa ke nan. Shagon da wutarsa ke zuwa a bolt 200 ko 190 ba shi da abin da za a rage masa. Wanda ke gindin taransifoma, wanda wutarsa ke kai 240 ko 250 da tsakar dare, shi ne kawai zai iya tsayawa ya yi tunani, kuma shi ma ribarsa ta fi yawa a kare kaya daga ƙonewa.

Kada kuma a sa firiji, firiza, injin sanyaya ɗaki ko famfon tura ruwa a layin da aka sauke da yawa. Motar da ke cikinsu tana ƙara jan karen idan boltej ya yi ƙasa, ta yi zafi, kwamfiresa ya kasa tashi, wani lokaci ya ƙone. Kayan zafi masu kashe kansu, irin su butar lantarki da dutsen guga, ba sa rage komai: ruwan da zai tafasa a minti 4 sai ya ɗauki 5, yunit ɗin ɗaya ne.

Akwai sharaɗi na uku da ake mantawa, wato mita. Idan shagonku bil ɗin ƙiyasi ake kawo masa, ko kuma kuɗin wata kuke biya wa mai janaretan kasuwa, duk ragin da kuka yi ba zai fito a takarda ba sai an sake yarjejeniya. Fara da neman mita, ko ka zauna da mai janaretan ku yi magana a kan wat maimakon yawan ƙwai.

Gwaji biyar da za ka iya yi da kanka

Na ɗaya, gano irin fitilarka. Duba gefen gidan tub ɗin. Idan akwai sitata, ko yana ƙiftawa kafin ya kama, ko yana ɗan gurnani, mai cok ne. Kyamarar waya ma tana taimakawa. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, tub mai cok kuma yana ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani, amma idan ka sa kyamara a yanayin ɗaukar bidiyo mai jinkiri za ka ga layuka masu duhu suna bin allon. LED mara kyakkyawan direba ma yana nuna haka, don haka gwajin zai yi maka amfani a shagon mai sayar da ƙwai.

Na biyu, auna boltej. Sitabilaiza da inbata da yawa suna nuna wutar da ke shigowa a allonsu, wasu mitocin kati ma suna nunawa. Rubuta lambar da safe, da rana, da bayan magariba, na tsawon mako guda. Idan yawanci tana ƙasa da 230, ka rufe maganar rage boltej.

Na uku, auna abin da fitilu ke sha. Kashe komai a shagon ban da fitilu, ɗauki hoton allon mita, jira awa ɗaya, sake ɗauka. Bambancin shi ne yunit ɗin da fitilu ke sha a awa. Sau da yawa za ka tarar firiza ko injin sanyaya ɗaki ne ke cinye kaso mafi tsoka, fitilun kaɗan ne a ciki.

Na huɗu, auna haske. Wayarka tana da ɗan ido kusa da kyamarar gaba, wanda ke daidaita hasken allo. Akwai manhajoji a Play Store da ke amfani da shi su nuna haske a ma'aunin luks. Ba su kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma sun isa kwatanta kafin da bayan canji, matuƙar ka ajiye wayar a wuri ɗaya da dare. Ma'aunin Turai na hasken wuraren aiki, EN 12464-1, ya ba da shawarar luks 300 a wurin baje kaya da 500 a teburin karɓar kuɗi.

Na biyar, idan dillali ya nace na'urarsa tana aiki, ka ce a gwada a shagonku da mitarku: awa ɗaya na'urar tana aiki, awa ɗaya an tsallake ta, fitilu iri ɗaya, a karanta yunit a kuma auna haske. Kada ka yarda da raguwar amfiya kawai a matsayin hujja.

Gargaɗi: duk abin da ya shafi buɗe akwatin wuta, cire cok, ko taɓa waya, aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne. Bolt 230 yana kisa. Tsofaffin tub kuma suna ɗauke da sinadarin makuri mai guba, kada a farfasa su a cikin shago, kada a bar yara su yi wasa da su.

Ɗan akwatin nan da ake sokawa a soket

Kada ka haɗa na'urar da muka yi bayani da ɗan akwatin roba mai koren haske da ake tallatawa cewa da ka soka shi a soket kuɗin wutarka zai ragu da rabi. Wannan ba ya rage boltej ma, domin abin da aka soka a gefe ba ya iya sarrafa wutar da ke tafiya sauran kaya. Yawanci abin da ke cikinsa kafasita ce da ɗan ƙwan LED. Kafasita tana iya rage amfiyan da wasu injina ke ja a waya, shi ya sa mai talla yake nuna maka na'urar auna amfiya lambar tana sauka. Amma mitar shago wat na ainihi take ƙirgawa, kuma shi bai canza ba. Manyan masana'antu suna sa kafasitoci saboda irin lissafin da ake yi musu daban ne, kuma nasu injiniya ne ke auna girmansu.

Idan za ka koma LED, ka duba waɗannan

Sayi haske da lumen. Raba lumen ɗin da ke kwali da wat, fitila mai kyau takan ba da lumen 90 zuwa 100 ko fiye a kowane wat. Idan kwali ya ce wat 50 amma ƙwan ba shi da nauyi kuma ba a rubuta lumen ba, ka yi hattara.

Zaɓi mai faɗin boltej, wanda aka rubuta ya fara daga 85 ko 100. Shi ne zai tsaya da haskensa lokacin da wuta ta yi rauni.

Duba launin haske. 3000K ja-ja ne mai ɗumi, 4000K tsaka-tsaki, 6500K fari fat mai ɗan shuɗi. Ga mai sayar da shadda, atamfa, kayan kwalliya ko nama, akwai lambar da ta fi wannan muhimmanci, ana rubuta ta CRI ko Ra, tana nuna yadda fitila ke fito da ainihin launin kaya. Nemi 80 zuwa sama, 90 ga masu yadi. Duk wanda ya taɓa ganin mai saye ya fita da yadi bakin ƙofa don ya ga launinsa a rana ya san abin da ake nufi. Shago mai duhu yana korar ciniki, kuma asarar mai saye ɗaya a rana za ta iya shanye duk abin da ka rage a yunit.

Raba makunnai. Fitilun bakin ƙofa da rana ke haskawa, da na ɗakin ajiya, da na allon talla, kowanne ya samu makunninsa. Kashe rabin fitilu na awa shida ragin da ba ya buƙatar kowace na'ura ne. Goge ƙura a jikin fitilu da shafa farin fenti a bango su ma suna ƙara haske kyauta.

Abin da za ka faɗa wa mai shago

Idan baba ko yaya ya tambaye ka, ga amsar a jere. Rage boltej yana rage sha idan fitilun masu cok ne, wutar shagon tana haura 230 a kai a kai, kuma akwai mita. Idan ɗaya daga cikin ukun ya faɗi, kuɗin na'urar ya tafi a banza. Ko da duka ukun sun cika, a yi lissafin LED tukuna, domin a misalinmu ya ninka ragin sau huɗu kuma bai rage hasken shago ba.

Aikin gida: je shagon da ya fi kusa da kai, ƙirga fitilunsa, rubuta wat ɗin kowanne, tambayi awa nawa suke yi a kunne, ka fitar da yunit ɗin wata da kuɗinsa. Sannan ka sake lissafin da LED. Sai mun haɗu a darasi na gaba, mu kwana lafiya.